Furen Albasa a Teburin Sallah

Tebur ne ya jawo abin. Shekara da shekaru a gidan Alhaji Jelani na Wurno a tabarma ake cin abinci, babu wanda ya taɓa ƙwarewa. Sai da aka buɗe dam ɗin Goronyo injiniyoyi da malaman gona suka fara sintiri a gidan, domin shi ake nema idan manoma sun yi rigimar rabon ruwa. Mutanen nan masu matsattsun wanduna ba su iya tanƙwashe ƙafa ba. Alhaji ya ji tausayin gwiwoyinsu, ya sa aka ƙera masa dogon tebur a Sakkwato, aka kawo shi ɗaure a bayan akori-kura, ƙarti huɗu suka shigar da shi falo suna nishi.

A azumin shekarar, autar gidan, Hauwa'u, ta dawo hutu daga kwalejin horon malamai. Tana ganin teburin ta ce malamarsu ta tattalin gida ta koya musu cewa teburin baƙi ba ya zama tsirara, sai da fure a tsakiya, kuma ita za ta yi wannan aikin ranar Ƙaramar Sallah. Mahaifiyarta, Hajiya Uwaliya, ta tambaye ta ko furen ci ake yi. Da ta ga yarinyar ba wasa take ba, sai ta tura ta wurin Atika, yadda aka saba tura duk abin da ya gagari mutanen gidan.

Atika ita ce mai girkin gidan. Ita ta goyi Hauwa'u, ita kaɗai kuma ke kiranta Kulu, yarinyar kuma tana ce mata Inna. A wannan lokacin tana cikin takaba, wata uku ke nan da rasuwar mijinta Ɗanasabe, mai kula da lambun da ke bayan gidan. Ba ta sa kwalli, ba ta shafa turare, ba ta fita ko ƙofar gida. Daga ɗakinta sai madafi sai lambu. Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba, kuma Ɗanasabe bai bar gona ba, bai bar akuya ba. Abin da ya bari fangali uku ne na albasar iri a gefen rijiya.

Wanda bai san albasa ba zai ce wannan ai ba gado ba ne. Amma daga Kwargaba har Tursa, idan aka ce irin Ɗanasabe, an san abin da ake nufi: jar albasa mai siririn wuya, wadda za a zuba a rudu, rumfar ajiya ta kara, ta ƙetare damina ba ta ruɓe ba. Asalinta daga fadamar mahaifinsa ne, can wajen Goronyo, wadda yanzu ruwan dam ke kwance a kanta. Ranar da suka taso, wasu sun ɗauko ƙyauren ɗaki, wasu turmi, shi kuwa ya ɗauko rabin buhun albasa a ka, Atika na biye da shi tana mita. Tun daga nan kowace shekara yake dasa uwaye, wato manyan albasar da ake samun iri daga gare su, su yi fure, ya zaɓi na zaɓe, ya karye sauran. Irin albasa ba ya jure ajiya, na bara ba ya tsira bana, kuma manoman da ke karɓa a wurinsa nomawa suke yi su kai kasuwa, ba sa fitar da iri. Saboda haka idan fangalin nan uku ba su ba da iri ba, shi ke nan, albasar ta ƙare a duniya. Ɗanasabe ya dasa su da hannunsa, kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake tashi ba.

Atika ta san yadda yake yi, don shekara goma sha wani abu tana tsaye a kansa da ƙwaryar fura tana jira ya gama. Idan furen ya fara buɗewa, sai ya yaga tsohon tsumma sala-sala, ya bi layi yana duba kowace uwa. Wadda karanta ya yi kauri ya miƙe, kanta ya cika kamar dunƙulen hannu, ba ta yi gaggawar fure ba, sai ya ɗaura mata tsumma. Ya bar su kwana biyu yana kallo ko zai sake shawara. Ran na uku ya bi waɗanda ba su da tsumma ya karye su da babban yatsa, kada ƙudan zuma su gauraya masa mai kyau da marar kyau. Bai taɓa yi mata bayani ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, amma idonta ya ɗauka.

Saura kwana huɗu Sallah aka shiga neman fure. A nan ne aka gane garin da ya cika da ruwa da kore ba shi da furen kallo ko na rantsuwa, don babu mai ɓata fangali a kan abin da ba ya shiga tukunya. Hauwa'u ta fara kawo na tumfafiya, ta tsinko a bayan katanga, tana murna da launinsa. Atika ta ce ta fitar da shi tun Hajiya ba ta gani ba, abin da ke tsira a juji da maƙabarta ba a kai shi kusa da abinci. Aka gwada na zogale, kafin a ƙirga goma ya zube a kan tebur. Na dogon yaro kuwa ƙamshi gare shi, amma Atika ta ce idan ƙwaya ɗaya ta faɗa miya baƙi za su tafi da ɗaci har gida. Wata mata Sabuwa, mai kawo musu kifi, ta yi alkawari, ta zo da furen bado daga wani tafki a bakin gulbi, fari tas, har Hajiya ta ce wannan kam ba laifi. Kafin azahar ya rufe ya sunkuyar da kai cikin kwalba. Hajiya ta ce a sayo na roba a kasuwa a huta, Hauwa'u ta ce malamarsu ta ce na roba aikin raggaye ne.

Ana saura kwana biyu, da la'asar, Atika na dakan gero ga azumi a baki, Hauwa'u ta tsaya a kanta kamar za ta yi kuka. Ta ce ita ba ta san itatuwa ba, Inna ce ta sani, don Allah idan ta shiga lambu ta ga abin da zai yi, ta yi mata alama, ita za ta je ta yanko da kanta. Atika ta ce to, in ta gani. Irin “to” ɗin da ake ce wa yaro don ya matsa daga bakin turmi ne, kafin ta sauke taɓarya ta manta.

Ranar jajibere da hantsi ta shiga lambu ta tarar furen ya fara buɗewa. Ta koma ɗaki ta buɗe akwati. Kayan Ɗanasabe duk an rabar, sai wata tsohuwar shuɗiyar taguwa da babu mai so, wadda yake sawa idan zai shiga ruwa. Ta daɗe riƙe da ita kafin ta sa haƙori ta fara yagawa. Ta bi layi a hankali, tana durƙusawa, tana taɓa kara, tana jin nauyin kai a tafin hannu. Wata uwar sai ta kai hannu za ta ɗaura, sai ta ji kamar yana bayanta yana gyaran murya, ta janye. Cikin uwaye fiye da ɗari, talatin da uku ta ɗaura wa. Da ta miƙe ta dubi layukan da shuɗin tsumma yana kaɗawa, ta ji daɗin da ba ta ji ba tun ranar da aka fita da shi, don lambun ya yi kama da lambun da mai shi yake raye. Ta ƙudurta kashegarin Sallah za ta karye sauran.

Safiyar Sallah gidan ya watse zuwa idi. Atika na madafi tun asuba, ga tuwon shinkafa, ga miyar taushe, ga kaji shida da Alhaji ya ce a soya saboda baƙi. Hayaƙi ya cika mata ido, ba ta lura da wanda ya tafi da wanda ya tsaya ba. Tana cikin kwashe tuwo ta ji takun Hauwa'u da sauri, sannan aka dire babban daro a gabanta.

Warin ne ya fara isa gare ta, warin ɗanyen karan albasa da aka yanka. Ta share ido da gefen zane. Daron cike yake da fararen kawuna, an jera su a tsanake, kowane kara da shuɗin tsummansa.

Hauwa'u na haki tana dariya. Ta ce wallahi ba ta taɓa sanin akwai abu mai kyau haka a bayan gidansu ba, ta leƙa da safe ta ga alamar, ta ce ashe Inna ba ta manta ba. Ta ce ta yi hankali ƙwarai, ba ta taka ko fangali ɗaya ba.

Atika ta aje mara. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

“Kulu, duka kinka yanke?”

“Waɗanda kinka ɗaure kawai, Inna. Sauran ban taɓa ba. Kuma albasar tana nan cikin ƙasa, ko ɗaya ban tuge ba, huren kawai na ɗauka.”

Haka ta ce, ɗiyar da aka haifa a Wurno, wadda kuɗin makarantarta daga albasa suka fito, ba ta san daga ina albasa ke fitowa ba. Ba laifinta ba ne ita kaɗai. An raine ta tsakanin allo da littafi, albasa a yanke take ganinta cikin miya.

Atika ta zauna a kan turmi. Ta so ta yi magana. Amma ga yarinya cikin sabon leshi, lalle har gwiwar hannu, tana jiran a ce ta kyauta, ga ranar Sallah, ga shi kuma karan da aka yanke babu maganar da za ta mayar da shi. Ta kuma tuna da “to” ɗin da ta ce a bakin turmi. Sai ta ce a ɗauko mata ƙananan tuluna uku da ke bayan randa, da yashi mai laima.

Ita ta yi adon da hannunta, don Hauwa'u cusa su take yi kamar itacen wuta. Atika ta cika tulunan da yashi, ta datse gindin kowane kara a karkace, ta kafa dogaye a tsakiya, gajeru a kewaye, ta toshe bakin tulun da ganyen lemun tsami don ya rage warin. Hauwa'u ta ce a kwance tsumman, ya tsufa, tana da jan zare mai ƙyalli. Nan ne kaɗai Atika ta ƙi. Ta ce a bar shi yadda yake. Da aka jera su a kan farin ƙyallen tebur abin ya yi kyau, babu batun ƙarya, har Hajiya da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ashe dai yarinyar nan ba banza take zuwa makaranta ba. Hajiya ma ba ta taɓa shiga lambun ba, ta ɗauka wani furen Turawa ne marigayi ya shuka.

Bayan azahar baƙi suka iso. Mai takaba ba ta fita gaban maza, don haka Atika na madafi, wanda tagarsa ke kallon bayan falo. Ta ji jan kujeru, ta ji barka da Sallah, ta ji wani injiniya baƙon gari yana yaba teburin da Hausarsa mai gargada. Sannan ta ji sallamar Attahiru, tsohon dillalin albasa na Tursa, abokin Ɗanasabe, wanda kowace shekara shi ke fara karɓar iri ya raba wa manoman ƙauyensu. Ya zo gaisuwar Sallah ne, Alhaji ya ce ya zauna a ci da shi.

Ba ta ji an ja kujera ba. Sai muryar tsohon ta fito.

“Alhaji, wa yay yanke iri?”

Alhaji ya ce wane iri. Attahiru ya ce wanga da ke cikin tulu, ya san ɗaurin, ya ma san taguwar. Rabin mutanen da ke teburin manoman albasa ne ko ɗiyan manoman albasa, sun kuma gane abin tun shigowarsu, kunyar mai gida ce ta rufe musu baki. Yanzu da aka faɗa, babu mai iya kai loma yana kallon tulunan, kamar an yanka tunkiya mai ciki an aje musu a gaba. Atika na jin cokali ɗaya kawai yana ƙara, na baƙon injiniyan, shi ma can ya gane ya aje.

Aka fito da tulunan ta ƙofar baya aka dire a bakin madafi. Ba a jima ba Hajiya ta shigo, Hauwa'u na bayanta, kwalli ya zubo mata har haɓa. Yarinyar ta durƙusa ta riƙe ƙafar Atika tana cewa ba ta sani ba, me ya sa ba a gaya mata ba, ko a mayar da su cikin ruwa za su ƙarasa. Atika ta ce ba za su ƙarasa ba, furen jiya-jiya ya buɗe, babu ƙwaya a ciki. Ta ɗago ta ta share mata fuska, ta ce ta tashi kada ta ɓata leshinta. Ba ta ji haushin yarinyar ba, ta nema a ranta ba ta samu ba, kuma da ta samu da ya fi mata sauƙi.

Hajiya mace ce mai neman mafita, ba ta iya zama da abu ba a gyara ba. Ta ce ai an ce sauran na nan tsaye, sun fi saba'in, a bar su su yi iri mana, duk ba albasa ɗaya ba ce. Ta ce Attahiru ma ya aiko daga zaure cewa duk abin da fangalin nan suka bayar zai karɓa, manoma sunan Ɗanasabe suke bi, babu mai tambayar wace uwa ce ta haifa. Tsohon da kyakkyawar niyya ya faɗa, so yake matar abokinsa ta samu abin riƙewa idan ta fita takaba.

Atika ta saurari Hajiya har ƙarshe. Sannan ta ce:

“Hajiya, waɗanga da anka bari su na shi ka karyewa. In anka shuka su, albasar ba ta kai Yuli cikin rudu. Mutum ya zuba wahalar shekara, ya buɗe ya iske ruɓa, mi za shi cewa? Cewa za shi yi irin mai gidana na.”

Hajiya ta ce to a hankali ai sai a sake zaɓe, shekara biyu uku a dawo daidai. Da wata macen ce da ta karɓi wannan shawarar, kuma babu mai zarginta. Amma Atika ta san shekarun da ya ɗauka yana wannan aiki da uwaye masu kyau a hannu, ta san shekarunta, ta kuma san manoma ba za su jira ta ba, bana za su zo da mudu. Ba ta yi gardama ba, ba a gardama da Hajiya. Ta ce Allah shi saka da alheri.

Da la'asar gidan ya cika da mata 'yan yawon Sallah, ana ta shewa a tsakar gida. Atika ta zauna a bakin madafi ta kwance tsumman ɗaya bayan ɗaya, ta miƙar da kowane a cinyarta, ta haɗa su talatin da uku ta ƙulle a gefen zane. Kawunan ta zuba wa awakin Hajiya, suka shinshina suka juya.

Ta shiga lambu ta ja ƙyauren kara. Gindin waɗanda aka yanke sun fara bushewa a baki, yankan a daidaice, yarinyar ta yi aiki da tsabta. Tsakaninsu sauran na tsaye, masu siririn kara, masu karkataccen kai, masu gaggawa da suka riga kowa buɗewa, ƙudan zuma na ta hidima a kansu. Ta bi layin farko har ƙarshe tana dubawa da gaske, da fatan ko jiya ta tsallake wata. Ta bi na biyu, ta bi na uku. A wurin wata uwa ta durƙusa ta daɗe, har ta kwance tsumma ɗaya daga gefen zane. Ta ɗora kan furen a tafin hannu ta ji nauyinsa, sannan ta mayar da tsumman ta ƙulle.

Ba ran na uku ba ne, saura kwana ɗaya, amma babu abin da za a jira. Ta koma farkon layi ta sa babban yatsa a ƙarƙashin kan farko yadda ta ga yana yi. Karan ya karye da ɗan ƙara, ruwansa ya jiƙa mata hannu. Ta matsa ga na gaba.